Cututtukan ganye a rumfar leda: Yadda ake gane su da magance su a yankin Rano da Kibiya

Ƙasar Rano da maƙwabciyarta Kibiya suna cikin yankin da noman rani ya kafu sosai a kudancin Jihar Kano. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ruwanta ke bi ta babbar magudanar da ta ratsa Ruwan Kanya ya nufi filayen Kadawa da Bunkure da Kura, inda ake noma tumatir da tattasai da attarugu da albasa. Waɗanda ba su kusa da magudanar sun dogara ne da fadamu da rijiyoyin burtsatse.

Noman tumatir na rani yana farawa ne daga renon dashe, kuma renon yakan faɗo tsakanin watan Agusta da Oktoba, lokacin da damina ba ta gama ɗaukewa ba. Shi ya sa manoma ke rufe wurin yayyafin iri da leda ko raga, masu hali kuma, cikinsu har da 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke zaune a birni suna noma a gida, sukan kafa cikakkiyar rumfar leda, wadda ake kira girin-haus. Rumfar tana kare shuka daga dukan ruwan sama da ƙwari, amma tana tara laima da zafi, kuma waɗannan biyu su ne abincin mafi yawan cututtukan ganye. Irin tumatir na zamani yana da tsada, cuta kuma tana iya share farantan dashe gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Asarar da ta fi yawa tana zuwa ne daga kuskuren ganewa, wato a yi feshin maganin ƙwari alhali fumfuna ce, ko a ƙara taki alhali saiwa ce ta ruɓe.

Dalilin da ya sa rumfa ke jawo cuta

Iska mai zafi tana riƙe tururin ruwa fiye da mai sanyi. Da rana, ganye yana fitar da tururi, ƙasar da aka ba ruwa ita ma tana fitarwa, leda kuma ta hana shi fita. Da dare ya yi, iska ta huce, sai tururin ya koma ruwa a jikin leda da kan ganye. Misali, iskar da ke da zafin digiri 30 a ma'aunin Selshiyos da laima kashi 60 cikin 100, da zarar ta sauko kusan digiri 21 za ta fara zubar da raɓa. Wannan raɓar da ke kwana a kan ganye ita ce ƙofar cuta, domin ƙwayoyin fumfuna da yawa da na bakteriya suna buƙatar ganye ya daɗe a jiƙe na wasu awanni kafin su shiga cikinsa.

Saboda haka mai rumfa yana da ma'auni biyu da zai lura da su kullum: awa nawa ganye ke yi a jiƙe, da kuma ko iska na ratsa tsakanin shuke-shuken. Ƙaramar na'urar auna zafi da laima, wadda ake ratayewa daidai tsayin ganye, tana taimakawa ƙwarai. Idan laima tana wuce kashi 85 cikin 100 dare bayan dare, to cuta tana tafe ko da ba a ga alamarta ba tukuna.

Tambayoyi huɗu kafin a sayi magani

Malaman gona sukan fara da tambayoyi kafin su ambaci sunan kowane magani.

Ta farko, a wane ganye matsalar ta fara? Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne, hankali zai tafi ga ƙarancin wasu sinadaran taki ko fumfunar da ke tasowa daga ƙasa. Idan sababbin ganyen sama ne, a yi zargin bairos, ko ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko ɓurɓushin maganin ciyawa.

Ta biyu, yaya matsalar ta bazu? Abin da ya bayyana a kan dukkan shuke-shuke lokaci guda, ko a layi ɗaya da ke jikin leda, yawanci ba cuta ba ce, aikin rana ne ko ruwa ko taki ko feshi. Cuta kuwa tana farawa ne a wuri ɗaya, sa'an nan ta riƙa yaɗuwa kwana bayan kwana.

Ta uku, mene ne a bayan ganyen? Farin ƙuda da darɓa da jan gizo-gizo da fumfunar ganye duk a ƙarƙashi suke zama. Wanda ya duba saman ganye kawai ya ga rabin labari ne.

Ta huɗu, yaya saiwa take? A ciro shuka ɗaya a wanke. Lafiyayyar saiwa fara ce, mai ƙwari. Wadda ta koma ruwan ƙasa, ta yi laushi, tana saɓulewa a hannu, ta ruɓe ne, kuma babu feshin ganye da zai gyara ta.

Matsalolin da ba cuta ba

Yawan ba da ruwa shi ne na farko. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Idan ƙasa ta zauna a jiƙe, saiwa ta shaƙe, ganyen ƙasa sai ya koma ruwan ɗorawa, shuka ta yi yaushi da rana duk da cewa ƙasarta sharkaf take. Mai kula da rumfa yakan ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Akwai kuma ƙuraje masu kama da borin jini da ke fitowa a bayan ganyen tumatir da tattasai, musamman a kan jijiyoyi. Suna faruwa ne idan saiwa ta sha ruwa fiye da abin da ganye zai iya fitarwa, kamar a ranakun hadari na watan Agusta. Ba sa yaɗuwa, maganinsu rage ruwa da buɗe rumfa.

Ƙunar rana tana bayyana a matsayin fararen tabo busassu kamar takarda, a ɓangaren da ke fuskantar rana. Takan sami dashen da aka fitar daga inuwa kai-tsaye zuwa fili, da kuma rumfar da ba ta da ragar inuwa a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin waje kan kai digiri 40, na cikin leda kuma ya zarce haka.

Ƙarancin taki yana da alamomin da ake iya bambancewa. Rashin naitirojin, sinadarin da yuriya ke bayarwa, yana sa tsofaffin ganye su koɗe gaba ɗaya, shuka ta tsumbure. Rashin maganiziyom yana sa tsakanin jijiyoyin tsohon ganye ya zama ɗorawa, jijiyoyin su zauna kore. Irin wannan zane idan ya fito a sababbin ganye, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma sau da yawa sinadarin yana nan a ƙasa, ruwa mai kanwa-kanwa ko ruɓewar saiwa ne ya hana shuka ɗaukarsa. Rashin fotash yana ƙona gefen tsofaffin ganye. Yawan taki ma yana ƙona baki da gefen ganye, kuma akan ga farin gishiri ya taru a saman ƙasar tukunya. Maganin wannan shi ne a kwarara ruwa mai tsabta har ya fita ta ƙasa, a dakatar da taki na ɗan lokaci.

Sai ɓurɓushin maganin ciyawa. Tumatir ba ya jure sinadarin 2,4-D ko kaɗan. Idan aka yi amfani da tankin feshin da aka kashe ciyawa da shi a gonar masara ko shinkafa, sababbin ganye sai su murɗe, su sirance kamar igiya. Ya kamata kowace rumfa ta mallaki tankin feshi nata na daban.

Cututtukan fumfuna da bakteriya

Faɗuwar dashe ita ce annobar wurin reno. Ƙwayoyin da ke zaune a ƙasa, irin su Pythium da Rhizoctonia, suna kama tsiron a daidai wuyansa, wurin ya sirance ya yi ruwa-ruwa, tsiron ya kife. Cunkoson iri da jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsofaffin farantan da ba a wanke ba su ne ke kawo ta. Tsiron da ya faɗi ba ya tashi, abin da ake ceto shi ne na kusa da shi.

Fumfunar ganyen tumatir cuta ce ta rumfa musamman, ba a cika ganinta da tsanani a fili ba. Saman ganye yana yin tabon ɗorawa marasa iyaka, a bayansu kuma akwai wani gashi-gashi mai laushi, launinsa tsakanin kore da ruwan ƙasa. Tana farawa daga ganyen ƙasa, kuma yawan laima ne ke rayar da ita.

Tabo mai zobe, wanda ƙwayar Alternaria ke haddasawa, shi ma daga tsofaffin ganye yake farawa. Tabon ruwan ƙasa ne mai duhu, da zobba a cikinsa ɗaya cikin ɗaya kamar faifai, kewayensa ɗorawa. Yana tsananta a shukar da yunwar taki ta raunana.

Farar hoda ta sha bamban da sauran, domin ba ta buƙatar ganye ya jiƙe. Takan bayyana da rani, musamman a tattasai da attarugu da kokwamba. A kokwamba farin garin a saman ganye yake, a tattasai kuwa yawanci a bayansa ne, saman ya yi dabbare-dabbaren ɗorawa, daga baya ganyen ya kakkaɓe.

Tabon bakteriya ƙanana ne, da farko kamar an ɗiga mai, sa'an nan su yi baƙi. Fantsamar ruwa da hannun ma'aikaci da iri mai ɗauke da cutar ne ke yaɗa su. Don haka ba a shiga aikin rumfa, ko yanka ko ɗauri, sai raɓa ta bushe.

Ƙwari da bairos

Manoman Kano ba za su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu a Turai da Afirka. Ɓarnar ta kai ga Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayun wannan shekara, masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki saboda rashin kaya, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabo a kasuwanni. Alamar tsutsar ita ce faffaɗan farin tabo a cikin naman ganye, wanda idan aka ɗaga shi a haske za a ga tsutsar da baƙin kashinta a ciki. Akwai wata tsutsar ƙuda da ke yin siririn zane mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, ɓarnarta ba ta kai ta sharon ba, kuma bai kamata a haɗa su ba.

Farin ƙuda ƙaramin ƙwaro ne da ke tashi kamar gari idan an girgiza shuka. Ɓarnarsa mafi muni ita ce ɗauko bairos ɗin da ke naɗe ganyen tumatir. Sababbin ganye sai su ƙanƙance, gefensu ya naɗe sama kamar cokali, ya yi ɗorawa, shuka ta tsaya, hudarta ta zube. Bairos ba shi da magani. Shukar da ta kamu a tsige ta, a sa ta a buhu tun a cikin rumfa, a fitar. Dashen da ya kamu tun yana ƙarami ba ya yin 'ya'yan kirki, shi ya sa kare wurin reno da raga mai ƙananan ido, wadda 'yan kasuwa ke kira mai lamba 50, ya fi duk wani feshi amfani.

Jan gizo-gizo yana son zafi da bushewa, saboda haka da hunturu da bazara yake yawa. Ganye yana yin ƙananan ɗigo farare kamar an watsa gishiri, daga baya ya koma ruwan tagulla, a ga siririyar yana a bayansa. Idan aka kaɗa ganyen a kan farar takarda za a ga ɗigo-ɗigo suna motsi. Darɓa kuwa tana barin danƙo a kan ganye, baƙar fumfuna kamar kunkunniya ta hau kansa. Wannan baƙin ba ya shiga ganye, idan an kawar da ƙwaron shi ma zai tafi.

Idan shuka ta yi yaushi

Yaushi iri uku ne ya kamata a bambance. Idan shuka ta yi yaushi farat ɗaya ganyenta na nan kore, a yanki karan daga gindi a tsoma bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garai-garai. In aka ga farin zare kamar madara yana sauka bayan 'yan mintoci, yaushin bakteriya ne, kuma ƙwayar tana daɗewa a ƙasa shekaru. Idan ganye ya fara ɗorawa ta gefe ɗaya na shukar, aka tsaga kara aka ga layin ruwan ƙasa a ciki, fumfunar Fusarium ce. Idan kuma saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, waɗanda suka fi yawa a ƙasa mai jigawa. Dukkan ukun ba feshi ke maganinsu ba. Sai dai a cire shukar da ƙasar gindinta, a sauya abin da ake shukawa, a nemi iri mai juriya.

Matakan magani a jere

Matakin farko gyaran iska ne. A ɗage ledar gefe tun da sassafe, a bar raga kawai. Rumfar da ta dace da ƙasar Kano ita ce mai tsawo, mai kafar fitar zafi a ƙololuwa, gefenta raga. A ba da tazara tsakanin shuke-shuke, a cire ganyen da ke taɓa ƙasa.

Na biyu, ba da ruwa da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Bututun ɗigo ya fi bokiti da gwangwanin yayyafi. Ruwan yamma yana kwana a kan ganye.

Na uku, tsabta. Ganyen da ya kamu a yanke shi a fitar da shi nesa, a binne ko a ƙona. Wuƙa da almakashi da farantan reno a tsoma su cikin ruwan bilic, kashi 1 a cikin kashi 9 na ruwa, sa'an nan a ɗauraye. Zafin bazara ma makami ne: idan aka jiƙa ƙasa aka rufe ta da farar leda mai haske tsawon mako 4 zuwa 6 a watannin Afrilu da Mayu, zafin yana kashe da yawa daga ƙwayoyin cuta da irin ciyawa da ke saman ƙasa.

Na huɗu, tarko. Katin ɗorawa mai danƙo yana kama farin ƙuda, kuma yana nuna ranar da ya fara shigowa. Akwai tarko mai ƙamshin macen sharon da ke jawo mazan, wanda ke sanar da manomi tun kafin ɓarna ta bayyana.

Sai a mataki na biyar ake zuwa ga feshi. Mankozeb da magungunan da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe rigakafi ne, suna kare ganyen da bai kamu ba, ba sa goge tabon da ya riga ya fito. Na jan ƙarfe ne ke rage tabon bakteriya. Farar wuta tana aiki a kan farar hoda da gizo-gizo, amma tana ƙona ganye idan zafi ya haura digiri 32. Abamektin na gizo-gizo ne, emamektin da sifinosad kuma na tsutsa. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana yana rage darɓa da farin ƙuda idan an fara da wuri. Sharon da farin ƙuda suna saurin sabawa da magani, don haka a riƙa sauya rukunin sinadari, ba sunan kamfani kawai ba. A duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a bi awon da ke jikin kwalba, a kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka. A rufaffen wuri haɗarin shaƙar magani ya fi na fili, saboda haka mai feshi ya rufe hanci da hannu, ya yi aikin da sanyin safiya ko yamma, kowa ya fita har ganye ya bushe.

Furannin ado da okid

Ƙa'idojin nan sun shafi masu renon furanni a gidaje da masu sayar da su a birnin Kano. Okid dangi ne mai jinsi sama da 25,000 a duniya, kuma daga cikinsa ake samun banila da ake sa wa kek da askirim. Wanda aka fi sayarwa don ado, mai suna Phalaenopsis, asalinsa a jikin itatuwa yake rayuwa a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, saiwarsa a sarari. Saboda bushewar hunturu, masu shi sukan sa shi cikin akwatin gilashi ko leda, kuma a nan matsala ke farawa. Ruwan da ya kwana a tsakiyar ganyen yana ruɓar da kan shukar. Tabo mai laushi, mai ruwa da wari, na bakteriya ne, kuma yana iya cinye ganye cikin kwana biyu ko uku, don haka a yanke shi da tsabtatacciyar reza har a shiga lafiyayyen nama, a bar wurin ya bushe. Ganyen da ya yamushe ya yi laushi yana iya nufin ƙishi, yana kuma iya nufin saiwa ta ruɓe, sai an duba tukunya za a sani. Tsohon ganyen ƙasa guda ɗaya da ya yi ɗorawa ya faɗi ba ciwo ba ne, tsufa ne. Ba a shuka irin wannan okid a turɓaya, sai a ɓawon itace ko gawayi ko ɓawon kwakwa, akwatin kuma ya kasance da kafar iska.

Abin lura a kowane yanayi

Daga Yuli zuwa Satumba, haɗarin yana ga faɗuwar dashe da fumfunar ganye da tabon bakteriya. Daga Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin fitar da dashe, farin ƙuda ne abin tsoro, kuma ana so a rage wa dashen ruwa da inuwa sannu a hankali na kimanin mako guda kafin a kai shi fili. Da hunturu, ƙura tana toshe idon raga, sai an riƙa wanke ta, sanyin dare kuma yana kawo raɓa a jikin leda ko da iskar waje a bushe take. Da bazara, sharon da gizo-gizo da ƙunar rana ke haɗuwa, kuma zafin da ya wuce digiri 35 yana hana hudar tumatir zama 'ya'ya.

Inda za a nemi taimako

Malaman gona na hukumar KNARDA su ne mafi kusa da manoman ƙananan hukumomi. Akwai kuma reshen Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, a Bagauda, da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Wanda zai kai samfuri ya ɗauki shuka cikakkiya da saiwarta, wadda ta fara kamuwa ba wadda ta mutu ba, ya naɗe ta a takarda maimakon leda, ya tafi da bayanin irin da aka shuka da takin da aka sa da magungunan da aka fesa da ranakunsu. Mai rumfar da ke zaune a birni zai iya sa mai kula da ita ya riƙa aiko masa da hoton saman ganye da bayansa da na katin tarko sau biyu a mako, tare da abin da na'urar laima ta nuna da asuba.